Tabarma Biyu a Bakin Bahar Maliya

Lokacin da nake karatu a Makka a gidan yayana nake zaune, wani ɗan falat a saman bene a Utaibiyya, inda in ka buɗe taga bangon maƙwabci ne zai fara gaishe ka. Shi Yaya yana rubutun digirinsa na uku a fiƙihu, ni kuma ina sashen mata na jami'a ina kokawa da nahawu. Shi ne muharramina, wato shi ne ƙafata. Inda bai je ba, ban je ba. Kuma Yaya wuri uku ya sani a duk faɗin ƙasar nan: Harami, ɗakin karatu, sai shagon wani mutumin Yaman mai gasa burodi a bakin layinmu. Don haka ni ma iyakar duniyata ke nan.

Na kusa shekara biyu a Makka ban ga teku ba, ga Jidda nan kusa, tafiyar da ko flas ɗin shayi ba zai huce ba. Ranar da jirginmu ya sauka a can kujerar tsakiya aka ba ni, kuma barci nake yi. 'Yan ajinmu da suka fito daga ƙasashen tsibirai har dariya suke yi mini in na ce babban ruwan da na taɓa gani shi ne kogin Galma in ya cika da damina. Kullum na roƙi Yaya sai ya ce in sha Allahu bayan jarrabawa. To jarrabawar wa? In tawa ta ƙare tasa ta taso, in tasa ta ƙare ya ƙirƙiro wata.

Ta ukunmu a gidan ita ce matarsa, wadda nake ce wa Anti, ita kuma ta raɗa mini Ɗaliba. 'Yar cikin birnin Zariya ce, daga irin gidajen nan da ba a rufe ƙofar zaure sai kowa ya kwanta, kuma ko an rufe sai wani ya ƙwanƙwasa. A gida an san ta da magana. In tana ba da labari har tuƙa tuwo ake tsayawa a saurara. Da ta zo Makka, watannin farko murna kawai take yi. Ranar da ta fara ganin Ka'aba ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, ta ce ita ta gama samun duniya.

Daga nan sai zaman ɗaki ya fara. Ni in fita da safe, Yaya ya riga ni fita. Maƙwabtanmu na sama 'yan ƙasar Bama ne ta can Asiya, na ƙasa Larabawa, ita kuma Larabcinta bai wuce na salla da na cinikin tumatir ba. Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Sai in dawo in tarar ta wanke abin da ta wanke jiya, ta zauna tana kallon na'urar sanyaya ɗaki. Ta taɓa ce mini ta fara gane muryar na'urar, wai in ta gaji daban take kuka.

Kada wani ya ɗauka Yaya mugu ne. Wallahi ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Bai taɓa shigowa hannu rabbana ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba, in ta yi zazzaɓi shi ne mai rasa sukuni. Ciwonsa ɗaya ne, kunya, irin ta gidanmu, wadda ya gada wurin Baba ya kuma ƙara mata taki. Matar fari ce, don haka ba ya kama sunanta. Wannan ba wani abu ba ne, maza da yawa haka suke a wajenmu, sai su sa mata wani laƙabi a wuce wurin. Yaya ko laƙabin ya kasa sawa, don a ganinsa laƙabi ya fi sunan ban kunya. Sai ya mai da ni wayar tarho. Muna zaune mu uku, flas yana hannunta, sai ya dube ni ya ce in tambaye ta ko da sauran shayi. In na ce, Yaya ga ta nan fa, ba a Zariya take ba, sai ya sha mur ya ce ba ni da ta ido. A Zariya wannan hali bai dame ta ba, don gida cike yake da bakuna. A Makka kuwa bakin da ya rage mata ɗaya ne, shi kuma a rufe yake.

Ana nan sai labari ya zo cewa kawunta zai zo umara. Anti ta ce za ta bi shi in zai koma, ta je ganin gida. Yaya ya ce, ta bakina, Allah ya kai mu. Da rana muna kicin tana yanka albasa na tambaye ta wata nawa za ta yi. Ba ta ɗago ba.

"Ɗaliba, ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce. "In na taka Zariya ban san ranar da ƙafata za ta yarda ta dawo ba. Ba faɗa muka yi ba. Da ma faɗan muke yi, da na ji daɗi."

Na san ta, ba ta faɗar abu don a lallashe ta. Na sami Yaya a falo da littafi a cinya, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce matarsa za ta tafi, kuma ba lallai ta dawo ba, kuma laifinsa ne, ba na Makka ba, ba na zafi ba. Na ce ya karanta babin zamantakewar aure a littafi ya fi goma, da sharhi da sharhin sharhi, amma ya kasa ce wa mace sannu da aiki sai da tafinta. Ya bar ni na gama. Sai ya juya shafi. Na shige ɗaki na cika na batse, na rantse ba zan ƙara isar masa da saƙo ba, rantsuwar da ban kai magariba da ita ba.

Bayan kwana biyu ya kira ni, idonsa a kan bango, ya ce ranar Asabar mu shirya za a je Jidda a ga tekun nan, tunda na dame shi. Ya ƙara da cewa in gaya mata ita ma. Nan take na gane tafiyar ba tawa ba ce, sunana kawai aka ara. Ban damu ba. In dai zan ga teku, a ari sunana kullum.

Anti kuwa tun jajibiri ta jiƙa shinkafar waina, ta yi miyar taushe, ta goge abayarta mai ɗinkin zare a hannu wadda take ajiyewa don Juma'a. Na kama ta tana sa kwalli, ta ce in tafi in ba ta wuri. Ni a lissafina mu uku ne, za mu ɗauki tasi, in mun isa in yi nisa in bar su.

Da safe muka sauko sai ga mota a ƙofar gida, abokin Yaya a ciki da matarsa. Na ja Yaya gefe na ce wannan fa? Ya ce haba, ta yaya za a gan shi shi da iyali sun fita shan iska kamar wasu Turawa? In wani ɗalibi ya gan shi me zai ce? Wato Yaya ya shirya fita don ya shawo kan matarsa, sai ya gayyato 'yan kallo don kada a ce ya fita da matarsa. Na dube shi sama da ƙasa, na ce Allah ya shirya, na shiga mota.

Abokin nan mutumin Maraɗi ne, ya daɗe yana jigilar mutane tsakanin Makka da Jidda, mai fara'a, mai son waƙe-waƙen da Yaya ba ya so. Matarsa kuwa a unguwar Jarwal ta Makka aka haife ta, iyayenta Hausawa ne amma ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarta rabi Larabci ce, tana farawa da ya'ani tana ƙarewa da halas. Mu 'yar Makka muke ce mata. Ita ce ta farko da na taɓa ji tana kiran mijinta da sunansa gatsau, a gaban mutane, ba ko tari. Mun fita daga gari, duwatsun nan baƙaƙe suna wucewa, sai ta miƙo hannu daga baya ta sa wa mijinta dabino a baki yana tuƙi. Yaya, da ke zaune a gaba, ya juya ya ƙura wa duwatsu ido kamar yau ya fara ganin dutse. Anti ta taɓa ni da gwiwa, muka danne dariya har hawaye.

Wari na fara ji kafin in ga ruwan, wani irin ƙarni mai gishiri da ya shigo ta taga. Sai motar ta karya kwana, gine-gine suka ƙare, abin ya buɗe. Ban san na riƙe hannun Anti ba sai da ta ce zan karya mata yatsa. Ni duk ruwan da na sani yana da tsallake, kana ganin mutane da shanu a ɗaya gefen. Wannan idona ya yi ta neman tsallakensa bai samu ba. Na ji tsoro, na ji daɗi, na ji ni 'yar ƙarama ce ƙwarai. Ga shi shuɗi ne shar, alhali a Larabci ja ake ce masa, na ce lallai wanda ya raɗa masa suna bai zo ya gani ba.

Da muka sauka Anti ta lallaɓa bakin ruwa, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce ko wace ce ta yi wannan miya hannunta ya yi nauyi. 'Yar Makka ta yi dariya har ta durƙusa. Na waiga in ga ko Yaya ya ji. Yana can nesa, ya ba mu baya, yana yi wa abokinsa bayanin hukuncin alwala da ruwan teku.

Haka muka wuni. An kai mu tsohon gari, inda gidaje ke da tagogin katako masu sassaƙa, wasu sun karkace kamar za su faɗo. An kai mu kasuwar kifi, na ga halittun da har yau ban yarda ana ci ba. Mun yi azahar a wani masallaci da aka gina a kan ruwa, kana sujada kana jin igiya tana dukan ginshiƙai a ƙarƙashinka. Ko'ina tsarin ɗaya ne: Yaya a gaba can, hannu a baya, tafiyar mai zuwa ɗaurin aure ya makara, mu a baya muna bin sawu. Abokinsa ya yi ta ƙoƙarin ja baya ya jera da matarsa, Yaya na janyo shi da wata mas'alar. Hotunan da na ɗauka da wayata ranar nan suna nan, kusan kowanne akwai ƙeyar Yaya a ciki.

Bayan la'asar abokin ya kai mu wani wurin shaƙatawa a bakin ruwa, mai ciyawa da rairayi da 'yan rumfuna. An rubuta a ƙofa cewa na iyali ne. A wancan zamanin haka ake yi a ƙasar, wurare da yawa an ware su ga mai iyali, namijin da ya zo shi kaɗai ba ya shiga, in ma ya shiga a fitar da shi. Mu da yake tare muka shigo da mata, ba wanda ya tsayar da mu. Wurin cike yake. Ko'ina ka duba miji da mata da 'ya'ya a kan darduma ɗaya, ana shan shayi, ana fasa 'ya'yan kankana, wani tsoho ma ya ɗora kai a cinyar tsohuwarsa yana barci abinsa.

Yaya ya buɗe bayan mota ya fito da tabarma biyu. Biyu. Tun daga Makka ya yi wannan tanadi. Ya shimfiɗa mana ɗaya kusa da ruwa, ya ɗauki ɗayar ya yi ta tafiya, ya wuce iyali ɗaya, ya wuce na biyu, ya wuce wasu masu gasa nama, sai da ya kai gindin wata bishiyar dabino ya shimfiɗa. Ya yafito abokinsa. Bawan Allah ya dubi matarsa, ya dubi Yaya, ya bi shi yana jan ƙafa.

Aikina ya dawo. In kai waina can, in dawo. A ce miya ba ta isa ba, in kai, in dawo. A ce an manta kofi. Rairayi ya cika mini takalmi, abayata ta kwashi ƙasa, ni da na zo kallon teku ban zauna na kalle shi ba. A zuwa na ƙarshe na dire flas a gaban Yaya na ce masa ƙasa-ƙasa, rana tana tafiya, kawu kuma yana hanya. Ya ce ya sani. Na ce to? Ya ce in je, yana tunani. Na lura bai ci wainar ba, ya dai gutsuttsura ta a faranti.

Na koma na tarar Anti ta rungume gwiwa tana kallon ruwa. 'Yar Makka tana ta ba ta labarin wani biki da aka yi a unguwar Shisha, ita tana gyaɗa kai kawai. Na fara mita, Anti ta ce in bari.

"Ya yi ƙoƙari, Ɗaliba. Ga shi na ga teku. In na je gida ina da labarin da zan bayar."

Da ta yi fushi da na san akwai sauran magana, amma wannan godiya ce irin ta mai sallama.

Muna haka sai na hango mai gadin wurin, wani saurayi siriri da hula da 'yar sanda, ya tsaya a kan tabarmar maza. Ba ya faɗa, cikin ladabi yake magana, amma iska tana kawo mana muryarsa. Ya ce musu nan wurin iyali ne, gwagware su yi haƙuri su koma can waje. Me zai gani in ba haka ba? Maza biyu su kaɗai a gindin bishiya, ga matan mutane ko'ina. Yaya ya miƙe, ya gyara hula, ya jawo Larabcin littafi mai wasali a ƙarshen kowace kalma, ya bayyana masa cewa su ma'abota iyali ne. Mai gadi ya ce madalla, ina iyalin? Yaya ya nuna da leɓe, yadda muke yi a gida. Yaron ya bi leɓen da kallo, ya ga tabarmi sun fi a ƙirga, kowace da mata cikin baƙar abaya. Ya ce wacce a ciki? In da gaske ne su kira su mana.

Abokin Yaya ko jira bai yi ba. Ya ɗaga murya ya rangaɗa sunan matarsa, ita kuma ta ɗaga hannu ta amsa da wata kalmar soyayya da ta sa wata tsohuwa kusa da mu murmushi. Mai gadi ya ce shi ke nan, wannan ya fita. Ya juya ga Yaya.

Yaya ya yi abin da ya saba, ya kira ni. Ƙanwa ma iyali ce, da na amsa magana ta ƙare. Har na yunƙura zan tashi, sai na ji hannu a gwiwata. Anti ce. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Yaya ba, idonta yana kan ruwa, amma hannun nan ya danne ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na koma na zauna. Ya sake kira. Na ɗauki waina na cusa a baki, na shiga nazarin wani jirgin ruwa da ke can nesa.

Sai ya koma kan matarsa, ya ce, ke. Ba wadda ta motsa. Ya ce, baiwar Allah. Shiru. Ya ce, Hajiya, sai mata uku a tabarmi daban-daban suka waiga, ba tasa a ciki. Abokinsa ya buɗe baki zai yi masa shaida, matarsa ta harare shi daga nesa, ya rufe. Mai gadi ya fara nuna ƙofa da 'yar sandarsa, har yanzu cikin ladabi. Masu gasa nama sun bar nama suna kallo. Na saci kallon Yaya, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Tausayinsa ya kama ni sosai, don ɗan'uwana ne kuma na san abin da ake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne. Amma ban tashi ba.

Sai na ga leɓensa ya motsa. Igiyar ruwa ta haɗiye abin da ya ce. Mai gadi ya karkata kunne. Yaya ya rufe ido, ya kira sunanta, sunan yanka, da muryar da yake jan salla in liman bai zo ba. Ni kaina tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Anti ta juyo a hankali, ba gaggawa.

"Na'am, Malam."

Mai gadi ya yi dariya, ya ba da haƙuri, ya ce to ya Shaihi ka je ka zauna da iyalinka mana, me ya kai ka gindin bishiya? Har ya taya shi naɗe tabarma. Yaya ya taho da ita a hammata, flas a ɗaya hannun, yana ratsa mutane kansa a ƙasa. Da ya iso ya tsaya yana neman inda zai shimfiɗa, Anti ta matsa ta bar masa gefen tamu. Ya zauna a bakin-baki, rabinsa a kan rairayi.

'Yar Makka ta miƙe ta ce yalla, ita balila take sha'awa, wani dafaffen wake da ake sayarwa a kofi da tsami. Ta ja mijinta, ta ja ni. Na bi su taku kaɗan, sai igiyar takalmina ta ga dama ta kwance, ko da yake takalmin ba shi da igiya. Na tsuguna a bayan wata rumfa. Ban ce ya dace ba, amma ni na yi wahalar kai waina, ina da haƙƙi.

Na kasa kunne. Anti ce ta fara magana. Ban ji duka ba, iska tana kawowa tana ɗaukewa. Na ji tana cewa ba Zariya take nema ba, wanda za ta yi wa magana take nema, a amsa mata. Ta ce wani lokaci tana wuni ba ta ji muryar kanta ba sai a salla. Ta faɗa ba kuka, ba ɗaci, yadda ake ba da labarin wani. Yaya yana ta zana rairayi da yatsa. Can ya yi gyaran murya.

"Kada ki tafi."

"Ƙarar ruwa ta yi yawa, Malam, ban ji ba."

Ƙarya take yi, ni da ke bayan rumfa ma na ji. Ya sake faɗa, a wannan karon yana dubanta, ya haɗa da sunan. Ita kuwa sai ta miƙe. Ta cire takalmanta ta miƙa masa, ta ce ya riƙe mata za ta sa ƙafa a ruwa. Da muka dawo da balila abin da muka tarar ke nan: mai shirin zama dakta a fiƙihu tsaye a bakin Bahar Maliya, takalman mata a hannu, yana ce mata ta kula da dutse akwai santsi. Abokinsa ya ciro waya zai ɗauki hoto, Yaya ya ce in ya kuskura zumuncinsu ya ƙare. Ni ma na cire nawa na shiga, ruwan da ɗumi, yana janye rairayi daga ƙarƙashin ƙafa. Sai a lokacin na kalli teku yadda nake so, har rana ta yi ja ta fara nutsewa.

Ba zan ce Yaya ya sauya ya zama wani mutum ba. Washegari ma sai da ya fara ce mini in tambaye ta, ya tsaya a tsakiya, ya juya ya tambaye ta da kansa, yana kallon ƙofa. Kawu ya zo, ya yi umararsa, ya ci tuwo a gidanmu har ya yi santi. Ranar da zai koma Anti ta haɗa masa dabino da zamzam da turare na mutanen gida, ta ce ya gaida kowa, ya ce wa Innarta sai an yi hutu za su zo tare da Malam.

Da muka dawo daga rakiya na bi ta kicin, na ce ashe dai suna kawai ake jira, da na sani da tuni na biya wani mai gadi. Ta jefe ni da bawon albasa. Sai kuma ta ce ba sunan ba ne. Ta ce lokacin da ta miƙa masa takalmi ta ga hannunsa yana rawa.

"Ni ban taɓa sanin yana tsoron in tafi ba, Ɗaliba. Na ɗauka ko na tafi ba zai lura ba sai ya nemi shayi."

Ta juya ta ci gaba da yanka albasarta, ta ce in miƙo mata gishiri.